Aikin da Maigidana Ya Bar wa Kowa

Shin aikin nan da maigidana ya bari yana kai masa lada a kabarinsa, ko kuwa ya yanke? Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce muddin mutane na amfana da shi, lada na tafiya. Na ce to suna amfana? Ya ce shi bai san kwamfuta ba. Na tambayi waɗanda suka san kwamfuta, suka ce su ba su san sha'anin lada ba. A nan maganar ta tsaya, shekara da shekaru.

Ni ban yi karatu ba, sai surorin da nake salla da su. Maƙwabciyata ce take rubuta wannan da boko, ni ina faɗa. Mijinta mutumin Kano ne, yana aiki a saidaliyya, kantin magani, kuma na gaya mata zai shigo cikin labarin, kada ta gyara masa komai. Idan kuka ya zo mini sai ta ajiye alƙalami ta jira. Ba na ɓoye kukana ga kowa. Sai dai ba ya rage komai, kamar zufa yake fitowa, in goge in ci gaba.

Ni da maigidana duk a nan Madina aka haife mu. Kakanninmu da ƙafa suka zo aikin Hajji, suka zauna. Shi ya yi makaranta, ya sami aiki a matatar mai ta Yanbu, a ɗakin da na'urori ke lura da wuta da bututu. A can ya koyi kwamfuta. Muka yi shekaru cikin warin gas da iskar teku mai ɗanko, Allah ya bar mana 'ya ɗaya mace. Da ciwon sukari ya fara taɓa masa ido da ƙafa sai ya ajiye aiki tun lokacinsa bai yi ba, muka dawo gidan mahaifinsa a Harra ta Yamma.

A shekarun nan ne intanet ta shigo ƙasar. Waya ɗaya ce a gidan. In ya haɗa ta da kwamfuta sai ta yi wani ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, daga nan babu mai samunmu. Yayata da ke Makka in ta dace ta same ni sai ta ce, "Wai gidan naku ofishin jawazat ne na masu fasfo? Kullum mashgul, layi a kame!"

Wani ɗan baffansa yana da masaukin alhazai a Anbariyya. Shi ya roƙe shi ya yi masa shafi a intanet, don mutanen Najeriya da Sudan su ga ɗakunan tun kafin su taso. Maigidana ya ce kayan aikin da ake gina shafi da su ba su san Larabci ba. Haruffa sai su rarrabu, kowanne ya tsaya shi kaɗai, layi kuma ya faro daga hagu. Ya nuna mini a gilashin kwamfutar, ko ni na ga ba haka rubutun Alƙur'ani yake tafiya ba. Sai ya zauna ya ƙera nasa kayan aikin, wanda zai haɗa haruffan, ya sa kwanan watan Musulunci, ya kuma sauƙaƙa wa wanda bai ƙware ba. Daga sallar Asuba zuwa hantsi yana kai, watanni.

Da ya gama bai sayar ba. Ya yi wa aikin suna, ya yi masa adireshi a intanet, abin da shi yake kira ƙofa. Duk mai so ya zo ƙofar ya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinsa ya ga yadda aka yi, ya gyara inda ya ga dama. Sharaɗi ɗaya ne ya rubuta, duk abin da ka gyara kai ma ka bar shi a buɗe.

Na ce, "Alhaji, to in sun kwashe fa?"

Ya ce, "Hajiya, muna yara ba a aikenki ɗebo wuta a maƙwabta?"

"Ana aikena."

"Kin taɓa jin murhunsu ya mutu don kin ɗiba?"

"Su ai ba su yi watanni suna hura tasu ba, har ido ya lalace."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce bai gina masallaci ba, bai haƙa rijiya ba, abin da ya tara a Yanbu gyaran gidan nan ya cinye. Wannan ne sabil ɗinsa, kamar randunan ruwan da magabata suke ajiyewa a bakin hanya don matafiya. Yana so in ya mutu a ci gaba da sha. Ban sake yi masa maganar sayarwa ba.

Mutane suka fara zuwa ƙofar. Suna da wani wuri a intanet da in mutum ya rubuta magana kowa zai gani ya ba da amsa, maigidana ya sa masa suna zaure. Duk gyaran da za a yi sai an baje shi a zaure, an yi musu, wani lokaci har da zafi, sannan a shigar. Da safe ina zuba masa shayi, yana tsoma burodin tamis a cikin dafaffen waken ful, yana ba ni labarin mutanen da bai taɓa gani ba. Akwai ɗalibai a Zariya, akwai wani a Masar mai yawan faɗa. Wanda na fi sani shi ne wani malamin makaranta a Omdurman, da yake yi wa makarantun ƙauye shafin sakamakon jarrabawa. Shi ba ya fara maganar aiki sai ya gaida kowa, har ni. Maigidana zai ce, "Malamin Sudan na gaishe ki." In ce ina amsawa. Wata shekara na ba wata hajiyar ƙasarsu dabinon ajwa ta kai masa.

Na nan cikin gari kuwa ranar Alhamis suke zuwa cin abincin rana, lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu. Mai saidaliyya, mijin maƙwabciyar nan tawa, shi ne babbansu, sai 'yan jami'a da ke zuwa suna sauyawa. In alhazai sun kawo mini kuka da daddawa sai in yi tuwo, in babu in yi shinkafa bukhari. Maigidana ba ya kiran mai saidaliyya sai da likita.

"Baba, ni fa ba likita ba ne."

"To me ya sa kake hana ni sukari a shayi?"

"Hajiya ce ta sa ni."

"Ka ji munafuki. A gidana, da tuwona a hannunka."

Daga bayan labule nake ce musu duk wanda ya bar loma a faranti kada ya dawo.

Abin ya yi girma fiye da yadda ya zata. Masaukai, makarantu, ofisoshin Umra, kowa da kayan aikinsa yake gina shafi. Wurin da ya yi haya a wata na'ura a ƙasar waje ƙarami ne, da an doshi Hajji sai mutane su yi masa yawa ya faɗi. Saƙonni kuma ba sa yankewa, shi kuwa ba ya barin saƙo babu amsa, ko na yaro mai koyo ne. Ya koma karatu da gilashin ƙara girma a hannu. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura saboda zama, in ka danna yatsa sai gurbin ya tsaya. Ni nake matsa masa su da man zaitun.

Wata Alhamis da hantsi wani mutum ya zo daga Riyad, matashin magidanci, da farar mota da kwalin dabino. Maigidana ya dubi kwalin, ya dube shi.

"Na ina ne?"

"Na yankin Ƙasim ne, ya ammi. Mai kyau." Haka yake kiransa, ya ammi, wato baffana.

"Ka taso tun daga Riyad ka kawo wa mutanen Madina dabino. Allah ya sa sauran shawarwarin da ka zo da su sun fi wannan."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ba mugu ba ne, ina so a rubuta wannan. Ya ce kamfaninsu shafuka yake gina wa otal-otal da ofisoshin Hajji, kuma da kayan aikin maigidana suke cin abinci, har kunya ta fara kama su. Za su ba da babbar na'ura wadda ba ta faɗuwa, su ɗauki ma'aikata biyu su taya shi, shi ma su yanka masa albashi. Aikin zai ci gaba da zama a buɗe yadda yake. Abin da suke so kawai a sa tambarinsu kusa da sunan, kuma in suna da buƙata a duba ta da wuri.

Da ya tafi maigidana ya tambaye ni. Na ce, "Karɓa, Alhaji." Da za a sake tambayata yau, haka zan ce. Ni ce nake ganin ƙafafun.

Bai amsa musu ba sai da ya baje maganar a zaure. Yawanci suka ce mabruk, suna taya shi murna. Malamin Sudan ya yi doguwar gaisuwarsa, ya yi addu'a, sannan ya ce shi roƙonsa ɗaya, a ci gaba da yin magana a zaure.

Shekarar farko ta yi daɗi. Aka jawo mana waya ta biyu, yayata ta rasa abin faɗa. Hajji ya zo ya wuce ƙofar ba ta faɗi ba. Maigidana ya sami lokaci, muna tafiya Harami da La'asar, mu zauna a farfajiya har Magariba, shi yana kallon tattabaru, ni ina kallon mutane. Kumburin ya sauka. A shekarar ce muka aurar da 'yarmu.

Ban san ranar da abin ya fara sauyawa ba. Na dai lura wayar nan ta biyu ta yawaita ƙara. Ma'aikatan Riyad ne, suna so a sa wurin kama ɗaki, a sa hotuna manya, a sa wurin biya. Su biyu daga safe zuwa yamma aikinsu ke nan, abin da 'yan zaure za su yi a wata su sun gama shi kafin Juma'a. Ba sa jiran musu. Sai su kira maigidana a waya, a gama magana, washegari a sanar a zaure cewa an yi kaza. Ba wanda aka hana magana. Amma in ka zo da taka ka tarar an riga an gina bango a wurin, me za ka ce?

Aikin ya yi nauyi. A Riyad ba a ji, layinsu mai ƙarfi ne. A Omdurman kuwa malamin nan sai ya zauna yana jiran shafi ya buɗe har a ɗauke wuta. Na Zariya ma haka. Sai malamin ya zauna da kansa ya yi gyaran da zai rage nauyin ga mai raunin layi, ya turo. Ma'aikatan suka ce gyaran zai taɓa wurin kama ɗaki, a bari sai bayan Hajji. Bayan Hajji aka buɗe Umra. Daga nan sai Ramadan, sai kuma wani Hajjin. A garin nan babu watan da ba na baƙi ba. Maigidana ya yi musu magana, suka ce tayyib, ya ammi, in sha Allahu. Shi ma idonsa ya kai inda ba zai iya shigar da gyaran shi kaɗai ba.

Wata safiya na lura ya daina ce mini malamin Sudan na gaishe ni. Na tambaya. Ya ce malamin ya kwana biyu bai rubuto ba.

Alhamis ɗin da maganar ta fashe, mai saidaliyya shi kaɗai ya zo. Na zuba musu abinci na koma bayan labule. Ban ji ƙarar cokali ba.

"Ci abinci, likita."

"Baba, bari in faɗa tukuna, in na ci ba zan iya ba."

"Faɗi."

"Ba mu ce kamfani sun yi sata ba. Sun cika alkawarinsu, komai a buɗe yake. Amma da a zaure ake dafawa, yanzu a ɗaki ake dafawa a fito mana da shi a faranti. Malamin nan shekara guda yana jira. Mun yi shawara da shi da 'yan Zariya. Za mu ɗauki aikin yadda yake kafin ya yi nauyi, mu sa masa wani suna, mu ci gaba da namu."

Sai ya ƙara da cewa:

"Sharaɗin da ka rubuta da hannunka ya ba mu dama, Baba."

"Ya ba ku."

"Wallahi ba fushi ba ne."

"Na sani. Ci, zai huce."

Ya ci kaɗan. Ranar ya bar fiye da loma a faranti, ban yi masa faɗa ba. Da ya fita na shiga kwashe kwanuka, na sami maigidana zaune yana kallon tabarma. Na ce, "Ba kai ka ce murhu ba ya mutuwa ba?" Ya ce, "Bai mutu ba. Masu jin ɗumin ne suka tashi."

Daga nan aikin ya zama biyu. Na kamfani yana tsohuwar ƙofa da tsohon suna, inda duniya ta sani. Na 'yan zaure yana wata ƙaramar ƙofa da ba kowa ya san hanyarta ba, mara nauyi, amma in ya lalace sai wanda ya sami sarari bayan aikinsa ya duba. Maigidana yana leƙa duka biyun. Wani lokaci in ya ga kuskure a na 'yan zaure sai ya gaya wa mai saidaliyya a bakin masallaci, kamar maganar yanayi. Cin abincin Alhamis ya mutu da kansa. Na riƙa dafa na mutum biyu.

Sai ƙoda ta tsaya. Aka fara yi masa wankin ƙoda a asibiti, a je da safe a dawo da Azahar, mutum kamar an matse tsumma. A nan ne na fara jin maganar mabuɗi. Ashe tsohuwar ƙofar da sunansa aka rubuta ta tun farko, ba da na kamfani ba, kuma akwai wata kalma da shi kaɗai ya sani. Mai wannan kalmar shi ne mai ƙofa. Shi yake cewa ga abin da mutane za su tarar in sun zo. Duk wanda ya ga maigidana a lokacin ya san dole a yi maganar.

Mutumin Riyad ya zo, wannan karon da zuma. Ya ce, "Ya ammi, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Amma ka mayar da ƙofar da sunan kamfani. Mu muna da mutanen da ake biya su zauna a kai. Masu sa kai yau suna nan, gobe babu."

Mai saidaliyya ya zo da magungunan wata. Ya ce, "Baba, ka ba zaure. Kamfani ana iya sayar da shi gobe, wanda ya saya bai san ka ba, bai ci tuwon Hajiya ba."

Da suka tafi na ce wane ne mai gaskiya. Ya ce duka. Ya ce 'yan zaure in ɗaya ya yi aure, ɗaya ya sami aiki a Dubai, shi ke nan. Kamfani kuma ranar da riba ta ƙare, shi ke nan. In ya ba waɗannan, aikin zai rayu amma ya bar talakawan da aka yi shi dominsu. In ya ba waɗancan, zai zauna da talakawa har ya mutu a hannunsu.

Na ce, "To ni ka ba ni."

Ya ce, "Ke? Kafin Azahar yayarki ta ji, kafin La'asar duk Makka ta haddace."

Abin da yake so shi ne su riƙe tare. Yana so ya faɗa musu kalmar su biyu a zama ɗaya, kowa na jin kowa, su yi masa alkawari a gabansa: kamfani ya ci gaba da ɗaukar nauyin na'ura da ma'aikata, magana kuma ta koma zaure, gyaran malamin Sudan ya shiga. Ya ce in ya faɗa wa ɗaya shi kaɗai, ya riga ya zaɓa ke nan. Ya kira su ba sau ɗaya ba. Kowa ya ce to. In na Riyad ya sami jirgi, mai saidaliyya yana kan aiki. In mai saidaliyya ya sami hutu, na Riyad yana Jidda. Kowanne kuma yana samun lokacin zuwa shi kaɗai. Ba gaba suke yi ba, ko a waya suna gaisawa. Kowa dai yana ganin in ya sami Baba shi kaɗai, zai shawo kansa.

A ƙarshe aka kwantar da shi. Ina kwana a kujera kusa da gadon, 'yarmu tana kawo abinci. Tana yi masa Larabci yana amsa mata da Hausa, yadda suka saba tun tana ƙarama.

Wata safiya ya tashi da haske a fuska. Ya sha shayi, ya ci rabin ƙwai, ya sa na gyara masa hula. Wajen hantsi 'yarmu ta leƙo ta ce mutumin Riyad yana waje, kuma ga mai saidaliyya ma ya iso. Ba shiri suka yi ba, Allah ne ya haɗa. Maigidana ya yunƙura ya zauna sosai, ya aike ni in shigo da su.

Na fita. Doguwar baranda ce. Ɗaya yana can wajen taga da waya a kunne, ɗaya yana nan wajen tulun ruwa. Na yafito su, suka zo, suka yi musafaha, suka tambayi iyali. Na ce Alhaji yana kiransu, su biyu, yanzu.

Mai saidaliyya ya ja da baya ya nuna ƙofa. "Bismillah, kai ka zo daga nesa. Fara shiga."

"La wallah. Kai ne maƙwabci, kai ne ɗan gida. Tafaddal, shiga."

"Baƙo ake fara ba wa wuri."

"Ka girme ni, ya duktur. Ba zan shiga gabanka ba. Ka gama, ni ina jira."

Na ce ba ɗaya bayan ɗaya ya ce ba.

Na Riyad ya ce, "Na'am, ya khala, amma kada mu cika masa ɗaki, numfashi zai yi masa wuya."

"Gaskiya ne, Hajiya. Bari ya shiga ya fito."

Haka suka yi ta yi, kowa hannu a ƙirji, kowa na rantsuwa. Duk wanda ya wuce zai ce ga mutane masu ladabi. Ni ina tsaye tsakaninsu, hannuwana cikin abaya. Ana cikin haka aka kira Azahar. Sai na ga duk sun sami sauƙi. Suka ce bari su yi salla, in an idar su shigo tare, in sha Allahu. Suka tafi kafaɗa da kafaɗa. An ce mini a sahu ɗaya suka tsaya.

Da na koma ɗakin na tarar an ja labule, ma'aikatan jinya sun kewaye gadon, wata tana ce mini in tsaya waje. Jini ne ya toshe a kansa. Da aka bar mu muka shiga, idonsa a buɗe, gefen bakinsa ya karkace. Su biyun suka tsaya a gefen gadon, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya dube su. Leɓensa ya motsa, babu abin da ya fito. Mai saidaliyya ya sa masa alƙalami a hannu, ya zame ya faɗi kan bargo.

Ban ji komai ba a lokacin. Na tuna dai na ɗauki sauran rabin ƙwan na rufe da faranti, don kada ƙuda ya hau.

Ya yi 'yan kwanaki a haka, ya cika ranar wata Talata da safe. Aka yi masa salla a Harami bayan La'asar, aka kai shi Baƙi'a. Su biyun suna cikin masu ɗaukar makara. Ni daga bayan shinge na tsaya, ina ganin fararen riguna suna nisa har na kasa bambance su.

Ƙofar ta zauna yadda ya bar ta, ana ɗauka amma ba mai iya taɓa sunanta. Sai daga baya na ji ashe haya ce, duk shekara ake sabuntawa, kuma sai da kalmar. Wannan karon tare suka zo mini, a mota ɗaya, da takardu. Masu hayar suna ƙasar waje, suna son shaidar mutuwa da ta gado, a fassara, a buga hatimi. Na dangwala yatsa inda aka nuna mini. Takardu suka tafi suka dawo, wai harafi ɗaya a sunansa bai yi daidai da na fasfo ba. Kafin a gyara lokaci ya cika. Wani da ba mu sani ba, a wata ƙasa, ya saye ƙofar.

'Yarmu ta nuna mini a kwamfutarsa. Sunan na nan a sama, na gane siffarsa saboda na daɗe ina ganinsa. A ƙasa hotunan agogo ne da takalman mata. Na ce ta kashe.

Kamfanin ya buɗe tasa ƙofar ya ci gaba. Bayan wasu shekaru wani babba ya saye shi, suka koma wasu kayan aikin. Mutumin Riyad bai daina aiko mini da saƙo duk Ramadan ba. Na 'yan zaure ya daɗe fiye da haka, sannu a hankali mutane suka ragu. Malamin Sudan ban san inda ya ƙare ba. Mai saidaliyya yana ce mini wasu sun ɗebi abin da Baba ya rubuta na haɗa haruffa sun sa a nasu, wasu kuma sun ɗiba daga waɗancan, ta yiwu yana cikin shafukan da jikokina ke buɗewa a waya. Na ce ya nuna mini wurin. Ya ce ba abu ne da ake gani ba.

Kwamfutar tana nan a ɗakinsa, na rufe ta da zane. Ranar Juma'a nakan share ƙurar.

Mutane suna tambayata ko ya bar wasiyya, ko ya yi kalmar shahada a kunnena. Ina fata ya yi ta a zuciyarsa. Ni dai abin da na ji daga bakinsa na ƙarshe, yana zaune da hularsa a daidai, yana tura ni da bayan hannu, shi ne:

"Je ki kawo mini su, Hajiya, su biyun tare. In sun fara miki bismillah kai fara, ki jawo su da riga. Yi sauri, yau ina jin ƙarfi."